Muryar Baba Tana Hannuna

Litinin, da hantsi

Yau na gano Baba yana jan numfashi iri uku. Akwai gajere, wanda yake yi kafin ya karanta nassi. Akwai dogo, ta hanci, in zai faɗi abin da ya san ba zai yi wa mutane daɗi ba. Na ukun ma ba numfashi ba ne sosai, wani ɗan tsayawa ne kamar ya manta abin da zai ce, alhali bai manta ba, jira yake mai sauraro ya iso. Ni 'yarsa ce ta cikinsa, a gabansa na girma, amma sai da na zauna da muryarsa a kwamfuta ina yanka ta gunduwa-gunduwa sannan na san wannan.

Aikina ke nan yanzu. A da, ɗaukar shiri kawai nake yi. Baba ya zauna a ɗan ɗakin bayan coci da muka liƙe bangonsa da tsofaffin katifu, ya yi wa'azi, ya yi addu'a ga waɗanda suka aiko da damuwarsu, ya gode wa abokan hidima, wato masu aiko da gudummawar da ake biyan gidan rediyo da ita. Ni kuma in share tari da ƙarar kujera, in kai tasha ranar Asabar. Tun Lahadin nan da ɓarin jikinsa ya shanye aka fito da shi daga coci a kan kujera, ba wanda ya sake zama gaban makirfon.

Yaya ya ce shiri ba zai tsaya ba. Muna da wa'azin shekara da shekaru a ajiye, in ɗauko tsofaffi in haɗa su su zama sabo, har a gama watan alkawari. A watan nan ake roƙon abokan hidima su ƙara hannu don mu samu lokaci a babbar tasha, wadda eriyarta take kaiwa har bayan duwatsu. Burin Baba ne tun ina goye, kuma Yaya ya riga ya sa hannu da mutanen can.

"Muryar Baba suke ba wa, Auta, ba ni ba, ba ke ba," in ji shi. "In suka ji halin da yake ciki, kowa zai mai da hannunsa aljihu."

Na ce to. Har yanzu ina mamakin saurin da na yi wajen cewa to.

Talata, da rana

Waya ta yi ta ƙara a ofis. Kowa da abin da nake ce masa: Baba yana hutawa.

Alhamis, da yamma

Abubuwan da nake yankewa: "jiya," "bana," "makon da ya wuce." Duk inda ya ambaci ruwan sama ko tsadar mai. Wurin da ya yi dariya ya ce Mama ta hana shi shan sukari, domin rabin garin nan sun san yaushe aka yi wannan rigimar. Sashen addu'o'i kuwa gaba ɗaya nake cire shi, in bar addu'ar rufewa kawai, wadda ba ta da shekara. Yaya ne yake karanta godiya da lambar asusu, ya fara da "Baba ya ce in gaishe ku."

Wani abin da ban taɓa lura da shi ba: Baba ba ya kiran sunan kowa a rediyo. Sai dai ka ji "mai sayar da kifi da ɗanta ya bar gida," ko "direban da barci yake damu a hanya." Na tambayi Mama dalili. Ta ce tun farkon shirin ya kira sunan wata mata, washegari kasuwa gaba ɗaya ta san abin da ke cikin ɗakinta, daga ranar ya ɗaure wa kansa wannan doka. Su waye waɗannan mutanen? Yaron mai kifi ya dawo? Ina yanke su ina jefarwa, amma suna bina har gida.

Na shiga na gaishe da Baba. Ya ɗaga hannun hagu. Bakin dai yana nan yadda yake.

Asabar, bayan na dawo daga tasha

Injiniyan tasha ya sa shirin a kunne ya saurari farkonsa, kamar yadda ya saba, sannan ya cire ya dube ni.

"Auta, wane magani Baba yake sha ne? Ki samo mini. Makon jiya tsoho ne, yau kuma ya koma saurayi."

Na ce sabon makirfo ne. Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da murɗa abubuwansa. Ban san ko ya yarda ba, ko kuwa tausayina ya ji.

Lahadi, da rana

A coci kowa ya san Baba ba shi da lafiya, tunda a gabansu aka yi. Abin da ba su sani ba shi ne iyakarta. Mama ba ta barin kowa ya shiga falo. Wata daga cikin mawaƙa ta riƙe hannuna ta ce, "Mun gode Ubangiji, jiya mun ji shi garau." Na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Laraba, da safe

Na samu wani wa'azi a tsohon kaset, a kan haƙuri. Yana cikin magana sai ya yi tsayawar nan tasa, ta uku, ya ce: "Akwai wani tela a bakin kasuwa, ƙafar da yake taka keke da ita ta kumbura. Bari mu tsaya mu tuna da shi." Ya yi masa addu'a gajera, murya ƙasa-ƙasa, har da cewa Allah ya san kowane zare da mutumin nan ya ja don ya ciyar da gidansa. Sannan ya koma kan wa'azinsa.

Na maimaita wurin har na rasa sau nawa. Ba a sashen addu'o'i yake ba, don haka na ɗauka misali ne, irin waɗanda yake ƙirƙira don magana ta shiga. Na bar shi. Gaskiya ko da na yi shakka, ban jin hannuna zai iya yanke shi, don ya yi kyau ƙwarai.

Juma'a

Baba yana hutawa. Baba yana hutawa. Har a mafarki na faɗa wa wani.

Litinin, da azahar

Wata mata ta zo ofis, mai baro yana biye da ita da keken ɗinki, irin na ƙafa, baƙi, an goge shi yana sheƙi. Dattijuwa ce, siririya, da allura soke a bakin ɗankwalinta. Ta sa aka sauke shi a baranda, ta sallami mai baro, ta zauna tana haki.

"'Yata, ke ce ta Fasto?"

"Ni ce, Inna."

"Ni ce matar telan da ya yi wa addu'a shekaranjiya."

Na ce, "Yaya ƙafar tasa?" don ban san me zan ce ba.

Ta dube ni da ɗan murmushi. "Ai shekara ta uku ke nan da muka binne shi. Ƙafar ce ta tafi da shi. Shi ya sa na zo. Ina wanke-wanke na ji Fasto ya ce tela a bakin kasuwa, sai kwano ya kuɓuce mini. 'Yan'uwansa ma sun daina ambatonsa, amma bawan Allah nan, da duk mutanen da ke kansa, bai manta ba. Na ji kuna neman kaiwa bayan duwatsu. Ba ni da kuɗi. Ga kekensa, ku sayar."

Na kawo mata ruwa, ta sha, ta ce in gaishe shi, na ce yana hutawa. Har ta kai ƙofa ta dawo ta shafa kan keken sau ɗaya, sannan ta tafi.

Litinin ɗin dai, da yamma

Yaya ya zagaya keken yana kallo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai yau na lura. Na ba shi labari tun daga kaset har zuwa baro.

"To ai ta samu ta'aziyya," in ji shi. "Ƙarya aka yi mata? Baba bai yi addu'ar ba?"

"Ya yi. Amma ba ranar Asabar ba."

"Allah ba ya duba kalanda, Auta."

Ya ce zai ba da labarinta a shirin rufe watan alkawari, wanda za a yi kai tsaye ana karɓar waya: gwauruwar da ta ba da keken mijinta. Ya ce mutane za su motsa. Na san za su motsa, ni ma da ban san komai ba da na yi kuka na tura abin da ke jakata. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Talata, da hantsi

Keken yana baranda. Duk mai shigowa sai ya taka fedar ya ji.

Laraba, da la'asar

Na je bakin kasuwa. Na ce wa kaina zan je ne in yi mata godiya yadda ya kamata, amma gaskiya so nake in ga inda keken ya fito. Ban sha wahala ba, kowa ya san shagon.

Ɗan ɗaki ne, da labule a ƙofa. A tsakiyar siminti akwai tabo huɗu, inda ƙafafun keken suka zauna shekaru har suka ci ƙasa. A gefe an tara rigunan makaranta da aka yanka ba a haɗa ba. Tana zaune a kan benci tana ɗinka ɗaya da hannu, ta kawo ta kusa da ido.

"Inna, ashe da shi kike aiki?"

"Da shi mana. Shi ya koya mini kafin ya kwanta." Ta ciji zare. "Kada ki damu, hannu ma yana yi. Sai dai a hankali. Masu rigunan sun ce za su jira, in ba su jira ba kuma shi ke nan."

Na zauna ina kallon tabon nan huɗu. Ta tambaye ni ko Fasto ya ga keken, me ya ce. Na ji bakina yana shirin cewa yana hutawa, sai na riƙe shi. Na ce, "Inna, gobe zan zo in ɗauke ki ki gaishe shi da kanki."

Ban gaya wa Mama ba. Ban gaya wa Yaya ba.

Alhamis, da yamma

Mama ta tare ƙofar falo da jikinta, ta dube ni, ta dubi baƙuwar. Na ce, "Mama, matar telan ce." Ban san Yaya ya ba ta labari ba sai da na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Ta matsa.

Baba yana kan kujerarsa kusa da taga, da tawul a ƙirji. Matar tela ta durƙusa ta fara gaisuwa, tana jero godiya. Baba ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne abin da yake fitowa kullum, ba zan rubuta shi ba. Ta tsaya. Ta dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya, ta dubi tawul ɗin, sannan ta juyo gare ni.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin watan nan ya kama."

"To wa ya yi wa maigidana addu'a?"

"Shi ne, Inna. Amma tun lokacin da aka aiko, yana da rai. Tsohon kaset ne. Ni na sake sakawa, ban san mutum ne na gaske ba."

Na jira ta zage ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta zauna sosai a ƙasa ta naɗe ƙafa, tana lissafi da ido.

"Ƙanwarsa ce ta aiko," in ji ta a hankali. "Ta ce mana ta aika, muka ce ai ba za a karanta ba. Lokacin muna asibiti, ba rediyo. Ashe an yi." Ta juya ga Baba. "Ashe ka yi, Fasto. Ban ji ba sai yanzu."

Baba yana kallona, ba ita ba. Ban taɓa tambayar kaina me ya sani game da shirin ba, ko kuwa na tambaya na ƙi jiran amsa. Idonsa na hagu ya cika. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Da za ta tafi na ce gobe za a mayar mata da keke. Ta ce abin da aka ba Allah ba a karɓa. Mama ce ta yi magana, karo na farko: "Ba Allah ne ya roƙa ba, mu ne. Ki karɓi abinki, 'yar'uwa." Matar tela ta ce to, amma in sa mata addu'ar a wayarta.

Juma'a, da safe

Na biya mai baro. Baranda ta yi faɗi.

Juma'a, da rana

Na gaya wa Yaya gobe ba zan saka muryar Baba ba, kuma in aka buɗe makirfo zan faɗi yadda ake ciki. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, ya zauna a kan teburina, abin da Baba ya hana mu tun muna yara.

"Kin san abin da na sa wa hannu?"

"Ban sani ba. Ba ka taɓa nuna mini ba."

"Gara da ba ki sani ba." Ya murza ido. "Kwana ɗaya ya rage, Auta. Ɗaya. Ki bari a wuce gobe, jibi ki hau rufin coci ki faɗa wa duniya."

"Gobe ne za su bayar, Yaya. Jibi ai sun riga sun bayar."

Ya tashi ya ɗauki makullin motarsa. A bakin ƙofa ya ce shi ba zai je tasha ba, in na ga zan iya, ga fili. Ina son Yaya. Shi ya ɗauki Baba a kafaɗa ya sa shi a mota ranar nan, shi yake kwana da likitoci a waya, ni kuwa ina ɗaki da abin ji a kunne ina sha'awar numfashi. Duk na san wannan, kuma bai canza komai ba.

Asabar, da sassafe

Me mutum yake yi da hannuwansa in yana magana a rediyo? Shekara nawa ina kallo, ban taɓa lura ba.

Asabar, da yamma

Injiniya bai tambayi inda Yaya yake ba. Ya gyara mini tsayin makirfo, ya ce in jar wuta ta kama, ni ce. Ta kama.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na ce ni ce autar Fasto. Na ce mahaifina ba ya iya magana tun kafin watan alkawari, kuma likitoci ba su ce mana zai sake yi ba. Na ce duk abin da suka ji a makonnin nan muryarsa ce, amma tsohuwa ce, ni na haɗa ta da hannuna. Na ce wanda ya bayar don yana zaton Baba ne yake roƙonsa, ya zo ofis a mayar masa. Wannan na ƙarshen ban shirya shi ba, fitowa kawai ya yi, na ga Injiniya ya ɗaga gira.

Aka buɗe layi. Shiru. Ban san shiru a rediyo yana da nauyi haka ba, ina jin ƙarar fanka ta bayan gilashi.

Na farko namiji ne. Ya ce shi da matarsa sun fasa gyaran rufin ɗakinsu saboda mu, kuma ranar Litinin yana tafe. Na ce yana da gaskiya. Na biyu ya ce mu ji tsoron Allah, ya kashe. Ta uku tsohuwa ce, ba ta ko gaisa ba, ta tambaya ko akwai rediyo kusa da Baba. Na ce ina jin akwai. Sai ta fara yi masa addu'a, doguwa, tana haki, jikokinta suna surutu a bayanta. Bayan ita wani ya ce ya ji haushi amma zai ci gaba da bayarwa, wani ya ce ba zai ƙara ba. Wata yarinya ta tambaya, to yanzu wa zai yi wa mamanta addu'a, an kwantar da ita tun jiya. Na dubi Injiniya, ya dube ni. Ba kowa a ɗakin sai ni, don haka na yi. Ta fito a karkace, na maimaita kalma ɗaya sau uku, amma na kai amin.

Da na isa gida Yaya yana tsaye a jikin motarsa. Bai dube ni ba. Ya ce mutanen babbar tasha sun kira tun shirin bai ƙare ba, sun ce a dakata da maganar tukuna, kuma shi ya san ma'anar tukuna. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba yau ba.

Na shiga falo. Rediyo tana kan teburin kusa da Baba, a kashe. Burin bayan duwatsu ya tafi, abin da ya yi shekaru yana roƙo, kuma ni na kashe shi da bakina cikin rabin awa. Na durƙusa a gabansa na kasa ɗaga kai.

Ya taɓa kafaɗata da hannun hagu. Na ɗago. Ya nuna bakina da yatsa, sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa ya sauke shi ƙasa a hankali, ya sake ɗagawa ya sauke. Ban gane ba. Ya sake yi, yana ɗaure fuska irin ta da.

"Mama, me yake cewa?"

Mama tana ninke tawul, ba ta ko juyo ba.

"Ya ce kina sauri. Mako mai zuwa ki riƙa tsayawa mutane su iso."